Littafin da Ya Yi Damina a Arewa

Na dawo Agiye da zama bayan na shafe shekaru masu yawa ina yawon duniya a kan aikin tafinta. Na zauna Kano, na zauna Ankara ta bakin teku, na daɗe a Jidda, na kuma ɗanɗana sanyin Faransa. Duk garin da na sauka, in na samu masauki na gane hanyar masallaci, abu na uku da nake nema shi ne ɗakin karatu. Shi ya sa da na ajiye aiki aka ce ko zan riƙe ɗan ɗakin karatun da ke bayan lakol, wato makarantar boko, ban tsaya dogon tunani ba.

Ɗaki ɗaya ne, da kanta shida da benci uku. Littattafan Faransanci sun fi yawa, sai na Hausa, sai 'yan na Larabci da wani alhaji ya bari wasiyya. Ina da wani babban kundi mai baƙin bango, a ciki nake rubuta wanda ya ari littafi da abin da ya ara. Ranar mayarwa kuwa ban taɓa rubuta ta ba, don na san mutanena. Malamin lakol yana maido littafi ran Asabar. Manomi sai ya gama noman farko. Tela bayan salla. In mutum ya tambaye ni yaushe zai kawo, amsata ɗaya ce: ya riƙe shi har ya amfane shi.

A Faransa na taɓa tsayawa ina kallon wata mata ta ɗora littafi a ƙarƙashin wani jan haske, na'ura ta yi ɗan ƙara, ta jefa shi a jaka ta fita ba ta ce wa kowa uffan ba. Abin ya burge ni, ya kuma ba ni tausayi. Na ce a raina wannan ba zai taɓa zuwa garinmu ba. Ga shi ya zo ina raye, kuma ya zo daidai lokacin da nake bukatarsa, don idona ya fara gajiya. Na kai inda nake rubuta layi a kan layi a cikin kundin. Wata rana na yi awa guda ina neman wani littafin tarihi, ashe yana cikin jakata tun sati biyu.

A Kano kwamfuta suke ce mata, mu nan ordinatar, ni kuwa na'ura kawai nake cewa. Ta zo cikin rani tare da faifan hasken rana da aka kafa a rufin ɗakin, da kuma wadda za ta riƙe ta. Malama Bagobira ce 'yar Tibiri, uwar 'ya'ya uku, ta yi karatun aikin ɗakin karatu a Yamai. Tun ranar farko ta ce mani Baba, ni kuma na ce mata Malama, ko da yake na girmi mahaifinta. Wata biyu muka yi, ni ina sauko da littattafai ina karanto mata suna da madubin ido biyu, ita tana shigarwa tana manna wa kowanne wata 'yar takarda mai zanen layuka. Da muka gama, kowane mai aro aka yi masa karti, wato katin aro.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Mutum zai shigo ya ce yana son wani abu a kan kiwon kaji, ko a kan rabon gado, Malama ta taɓa 'yan maɓallai, sai ga su a jere, har da kantar da kowanne yake. An haɗa mu da ɗakin karatun Gazawa da na Gidan Rumji, in babu littafi a wurinmu muna ganin inda yake, direban taksi ya taho mana da shi. Abin da nake kwana uku ina yi da kundi, na'ura tana yin sa kafin shayina ya huce.

Cikin masu arona akwai wani makiyayi, Bafulatani mai kimanin shekara arba'in, rugarsu tana gefen Cadawa. Ya yi karatun allo sosai, daga baya ya shiga ajin manya ya koyi boko. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ya zo ranar kasuwa yakan jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya cire takalmi kamar zai shiga masallaci. Baffa yake ce mani. Ni kuma uwata Babarbariya ce, don haka ina da lasisin tsokanar duk Bafulatanin da ya shigo hannuna, kuma ina jin yarensu.

Gab da faɗuwar ruwan farko ya zo. Lokacin ne manoma ke shirin shuka, makiyaya kuma su kaɗa dabbobi su yi arewa, ba za a sake ganinsu ba sai an cire amfanin gona. Ya ɗauko wani littafin Hausa mai hotuna a kan cututtukan shanu, kwafi ɗaya ke gare mu. Malama ta ce sai an yi masa karti. Ta tambayi sunansa ya faɗa, ta tambayi garinsu ya faɗa, sai ta zo kan lambar waya.

"Ba ni da salula," in ji shi.

"Ko ta wani na gida, don ko-ta-kwana. Na'urar ga ba ta yarda a bar gurbin nan fayau."

Can ya laluba aljihu ya fiddo wata 'yar takarda da aka naɗe cikin leda, ya miƙa mata kansa a sunkuye. Ya ce ta gidansu ce. Na lura da sunkuyawar, amma ban tambaya ba. Da ya juyo zai fita ya ce, "Baffa, yaushe zan kawo?" Na ba shi amsar da na saba ba kowa.

Gaskiya ita ce Malama ta riga ta gaya mani, tun ranar da aka kafa na'urar, cewa sati biyu take ba kowane littafi, kuma in ya wuce ita da kanta take aika saƙo a waya, ba sai an umarce ta ba. Na ji da kunnena. Amma na ɗauke shi irin dokokin da ake rubutawa a bangon buro, wato ofishin gwamnati, waɗanda ake karantawa a wuce. Ban san akwai ma'aikacin da ba ya mantuwa, ba ya kuma kawar da kai ba.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fidda kai, sai wata ranar kasuwa wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofarmu. Dogo ne, siriri, da malafa da farin gemu. Bai shigo ba. Na fita na gaishe shi da Fillanci, muka daɗe muna gaisuwa, ya tambayi gida na tambayi dabbobi. Sai ya fiddo wata 'yar waya daga aljihun taguwarsa, ya riƙe ta da yatsu biyu kamar mai riƙe da kunama.

"Malam, an ce daga nan abin nan yake fitowa. Me yaron ya yi?"

"Wane yaro?"

"Wanda ɗiyata take ɗakinsa."

Nan take na gane. Lambar surukinsa ce ya bayar. Ita kaɗai ce waya a rugar da ke zama inda akwai layin waya cikin damina, don dattijon ba ya tafiya arewa, yana tsayawa da shanun tatsa. Wanda ya san Fulani ya san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa, in ya hango shi a hanya yakan ratse. Duk duniya babu wanda makiyayin nan ba zai so a kai ƙararsa wurinsa ba kamar wannan tsoho.

Dattijon ya ba ni labari. Duk sati wayar sai ta yi ƙara. Shi ba ya karanta boko, sai ya bari ranar kasuwar Cadawa ya kai wa mai cajin waya, wanda ke da rumfa a bakin tashar moto. Saƙon da Faransanci yake zuwa. Mai cajin kuwa mutum ne mai son a san ya yi lakol, sai ya miƙe tsaye ya karanta da ƙarfi, sannan ya fassara wa duk wanda ke rumfar: wane ya riƙe kayan gwamnati, ana gargaɗinsa ya maido. Sati na uku wani ya ce takardar jandarma ce. Sati na biyar labari ya kai rijiya, mata suna yi wa ɗiyarsa jaje. Shi kuma ya aika wa yaron saƙon baki can arewa, cewa in akwai abin mutane a hannunsa ya fidda su kunya.

Na ce, "Littafi ne kawai. Kuma ni na ce ya riƙe."

"To in kai ka ba shi, me ya sa kake aiko a karɓa?"

"Ba ni ba ne, na'ura ce."

Ya leƙa ta ƙofa ya dubi na'urar a kan tebur, ya dube ni. "Taka ce ko ba taka ba ce? Ko da yake Babarbare in ya ba ka abu da dama, da hagu yake biyo shi."

Na yi dariya don ya ba ni hanyar yi, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Da ya tafi na gaya wa Malama komai. Ta dafe kai. Nan da nan ta tsayar da saƙon, sannan ta juyo ta fuskance ni.

"Baba, ai na faɗa maka sati biyu ne."

"Kin faɗa. Ni ne ban ɗauka da gaske ba."

"Kuma ka duba nan." Ta juyo mani fuskar na'urar. "Mutum uku suka nemi littafin ga tun da ya tafi, ɗaya ma daga Gazawa. Su ma shanu gare su. Kundinka ba ya nuna maka wanda ya zo ya rasa."

Wannan gaskiya ce, kuma ban taɓa tunaninta ba. Shekaruna a ɗakin nan ina ganin fuskar wanda na ba, ban taɓa lissafa wanda ya juya hannu wofi ba. Na ce mata ta yi gaskiya, amma mutumin da ke tafiyar wata huɗu a bayan shanu ba zai iya dawowa cikin sati biyu ba, ko da na'urar ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Ta ce na'urar ba ta san damina ba, amma ana iya koya mata. A ranar ta buɗe wani sabon rukuni na masu aro, ta sa masa suna masu tafiyar damina, ranar mayarwarsu bayan girbi. Ta mayar da saƙonnin duka zuwa Hausa. Ta kuma rubuta wa Maradi a ƙaro mana kwafin littafin.

Wannan ya gyara gaba. Bai gyara abin da ya riga ya faru ba.

Kaka ta yi, aka ɗaure gero, shanu suka fara gangarowa suna shiga gonaki cin kara. Na yi ta duban ƙofa ranar kasuwa, ban ga sanda a jingine ba. Sai wata rana wata mai tallar nono ta ajiye mana wani ƙunshi a bakin ƙofa, ta ce an ce ta ba Baffa. Littafin ne, an naɗe shi cikin sabon farin ƙyalle, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. A cikin shafin farko ga kartinsa. Babu saƙo, babu gaisuwa. Malama ta ɗora littafin a ƙarƙashin jan hasken, na'ura ta yi ɗan ƙaranta, ta nuna komai ya daidaita. Ni kuwa na san mutumin ya yi mana sallama ke nan.

Washegari da safe na hau kabu-kabu zuwa Cadawa, daga can muka ratsa gonaki har rugar. Na same shi a gindin wani gawo yana gyaran igiya. Ya miƙe ya shimfiɗa mani tabarma, aka kawo nono, muka gaisa kamar babu komai. Na lura ya kafa bukkarsa can nesa da ta surukinsa, fiye da yadda aka saba.

Na ce, "Na ga littafi. Kartin fa, me ya kawo shi?"

"Na gama da shi, Baffa."

"Ba a gamawa da karti."

Ya ci gaba da murza igiyar. Can ya ce, "Tun da na dawo ban bi ta gaban bukkarsa ba. Ta baya nake zagayawa in je rijiya. Bai ce mani komai ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi."

Na ce masa laifina ne, na ba shi labarin sati biyun da na yi biris da su. Ya saurara har na gama. Sai ya tashi ya shiga bukka ya fito da wata jakar fata. A ciki akwai littattafan rubutu guda uku, irin na 'yan lakol. Na buɗe na farko. Ya juya littafin nan gaba ɗaya zuwa Fillanci, da ajami, da tawadar da ya dafa da kansa. Har hotunan ya zana: kofaton saniya mai ciwo, bakin da ya yi ƙuraje, inda ake taɓawa a ji kumburi. A gefen wasu shafuka ya ƙara abin da littafin bai faɗa ba, sunan ciwon a bakin makiyaya da ganyen da tsofaffi ke ba dabba kafin a samu likita. Sau uku ya kwafe shi, ɗaya nasa, biyu na wasu rugage da suka yi damina tare.

"Ka ce in riƙe shi har ya amfane ni," in ji shi. "Habbanaye ka ba ni. Ai ba a maido saniya ba ta haihu ba."

Habbanaye al'ada ce da duk mai zama kusa da Fulani ya sani. Mutum yana ba ɗan'uwansa ko amininsa karsana ta zauna a garkensa har ta haihu sau biyu ko uku, ya riƙe 'yan maruƙan, ya maido uwar. Wanda aka ba yana kula da ita fiye da nasa. Wanda ya bayar kuma ba ya zuwa tambaya, don aikawa a karɓa kafin lokaci daidai yake da cewa ba ka yarda da mutum ba. Mu kuwa sau bakwai muka aika, kuma ta hannun surukinsa, a tsakiyar kasuwa. Na zauna ɗakunan karatu a ƙasashe da yawa, na ga masu aro iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya girmama littafin aro kamar mutumin nan ba, kuma shi ne muka kunyata.

A hanyar komawa na yi ta tunani. In na je na ba dattijon haƙuri, zai karɓa, amma magana ce tsakanin tsofaffi biyu a cikin bukka. Kunyar a rumfar mai caji aka yi ta, da bakin waya. Da na isa na ce wa Malama, "Na'urar nan taki, ta iya godiya ko gargaɗi kawai aka koya mata?"

Ta ce, "Abin da aka sa mata shi take faɗi, Baba. Kamar tafinta."

Na bar mata wannan, don ta ci ni. Muka zauna muka tsara saƙon tare, gajere, da Hausa. Ya ce ɗakin karatun Agiye yana shaida cewa wane ya maido littafin da aka ba shi amana lafiya lau, saƙonnin baya kuskure ne daga wurinmu, kuma muna gode masa a kan aikin da ya yi wa makiyaya. Malama ta saita shi ya tafi da hantsin ranar kasuwar Cadawa.

Ranar na riga saƙon isa. Na zauna a bencin rumfar mai caji kamar mai jiran moto. Dattijon ya zo ya miƙa wayarsa, ya gan ni, muka gaisa. Ba a jima ba ta yi ƙara. Mai caji ya duba, ya gyara murya, ya miƙe tsaye kamar yadda ya saba. Ina jin ya ɗan ji haushi da ya ga babu abin fassarawa, amma ya karanta da ƙarfi har ƙarshe.

Dattijon ya ce, "Kunnena ya yi nauyi. Sake."

Kunnensa lafiya lau yake, ni shaida ne. Mai caji ya sake karantawa, a lokacin mutane sun ƙaru, har da masu sayar da igiya na gefe. Dattijon ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya dube ni ya ce, "Ashe Barebari ma suna da ranar hankali." Ya yi gaba abinsa.

Sati biyu bayan haka na ga sanda a jingine a bakin ƙofa. Ya shigo ba takalmi, ya gaishe ni, ya gaida Malama, ya ajiye ɗaya daga cikin littattafan nan uku a kan tebur. Ya ce a habbanaye maruƙa na wanda aka ba ne, amma wannan kyauta ce. Malama ta ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya ta shigar a na'ura, ta manna wa littafin tasa 'yar takardar mai layuka, ta rubuta sunansa a gurbin mawallafi. Ta juyo masa fuskar na'urar ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kawar da kai. Kafin wata ya ƙare an nemi a buga kwafinsa daga Gazawa, daga baya kuma daga Gidan Rumji, inda wani malamin dabbobi ya ce tsofaffin rugage sun fi sauraron sa in ya buɗe musu ajami.

Yanzu idona ya ƙara rauni, kundin baƙin bango yana cikin akwati a gida. Har yau ina zuwa ɗakin karatun kullum da safe, aikina gaisawa da mutane da gaya wa Malama wanda ke tafiya arewa da wanda ke zaune. Sauran na'ura ke yi, kuma tana yi fiye da yadda na taɓa iyawa. Ina gode wa Allah da ya nuna mani ita, da ya haɗa ni da mace mai haƙurin koya mata damina, ya kuma ba ni dama na gyara ɓarnata tun ina da ƙafar hawa kabu-kabu.

A ranar da ya kawo kyautar, Malama ta fiddo kartinsa daga aljihun tebur ta miƙa masa. Ya zaɓi wani littafi a kan haƙar rijiya. Da ta zo shigarwa sai ta tsaya.

"Lambar wayar fa? In cire ta in sa tawa?"

Ya sunkuyar da kai, kamar ranar farko.

"Bar ta," in ji shi. "Dattijo ya ce in an sake aiko wani abu, shi yake so ya fara ji."